Idan Ƙafa Ta Kumbura, Ba Sanyi Ba Ne

Yindiski, Potiskum

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki, ina gaishe da mijinki Malam Bukar. Allah Ya kai ku Gashuwa lafiya, Ya tsare ku a hanya, Ya sa ki sauka lafiya idan lokacinki ya yi.

Za ki yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da tsakanin gidansa da naki bai wuce tafiyar minti goma ba. Abin da zan faɗa ne ba irin wanda uba ke iya faɗa wa 'yarsa ido da ido ba, balle ke mai sunan mahaifiyata. Sau biyu na zo gidanku da niyyar magana, sau biyun kuma na ɓige da yi wa Malam Bukar hirar canjin wurin aikin da aka yi masa, na sha ruwa na tashi. Wannan takarda ita ce ta uku. Na yaga biyu, domin da na sake karantawa na ga na rubuta abin da ban tabbatar ba, ni kuwa ba na son in ba ki magana a kan zato.

Bisa al'ada, tunda haihuwar fari ce, a gidanmu ya kamata ki yi ta. Amma kin san halin da mamanki take ciki. Bokiti ma ba ta iya ɗagawa, balle tukunyar wanka. Shi ya sa aka tsayar cewa surukarki Ya Kaltume ce za ta riƙe miki jego a can. Mace ce mai kirki, ta riƙe jegon mata da yawa, kuma na san ba za ta rage miki komai ba. Abin da nake tsoro ke nan.

Shekara tara ke nan da aka haifi ƙanwarki Hajara. Kina da shekara goma sha biyu, ni kuma ina koyarwa a wata firamare kusa da Nangere. Bazara ce, ruwa bai sauka ba, ƙasa ba ta takuwa da rana. Kakarki Inna, Allah Ya jiƙanta, ita ta karɓi wankan mamanki kamar yadda ta saba. Ni na sayi itace amalanke biyu. Ni na je kasuwa na zaɓo jar kanwa, na ɗanɗana da harshena, na ajiye wadda ban yarda da ita ba. Ina jin daɗi a raina za a ce Malam bai yi wa iyalinsa rowa ba. Wanka safe da yamma, ruwa na tafasa a tukunya, ana tsoma ganyen darbejiya ana fyaɗa mata. Kunun kanwa kwano guda da safe, kwano guda da yamma. Ga gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashinsa.

A sati na uku fuskarta ta cika, zoben hannunta ya ƙi fita, silifas ya daina shigarta. Mata masu zuwa barka suna cewa jego ya karɓe ta, ni ma na ce haka, har na tsokane ta cewa sai na sake mata zannuwa. Ta faɗa mini cewa daga ɗaki zuwa makewayi sai ta tsaya ta huta, na ce nauyin jiki ne. Da Inna ta danna mata ƙafa ta ga yatsa ya bar rami, sai ta ce sanyi ne ya shige ta, wankan ne bai ratsa ba. Ta ce a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Itace ya ƙare, na hau keke na je na ɗauro wani. Da hannuna na ɗaure shi, Ummi.

To ga abin da nake so ki riƙe. Idan ƙafarki ta kumbura bayan haihuwa, za a ce miki sanyi ne, kuma wadda za ta faɗa tana ƙaunarki. Ba sanyi ba ne, ruwa ne ya taru. Ki danna babban yatsanki a kan ƙashin ƙaurinki, sama da idon sawu kaɗan, ki ƙirga goma a hankali, ki ɗaga. In rami ya tsaya, ki lura da kanki. Zan gaya miki gaskiya don kada in tsorata ki a banza: ɗan kumburin ƙafa a ƙarshen ciki da kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da aka saba gani, yana kuma sacewa da kansa. Wanda nake nufi shi ne mai ƙaruwa maimakon raguwa, musamman in ya haɗu da haki, ko tari idan kin kwanta, ko ki ga sai kin ƙara matashi kafin numfashi ya daidaita, ko ƙirji yana dukan uku-uku kina zaune. Ranar da kika ga haka, ranar za ki asibiti. Ba a jira a yi arba'in.

Da ƙarfin mamanki ya ƙare har ta kasa ɗaukar jaririya, wani abokina ya ce ai wannan ƙarin ruwa take bukata. Kin san mutanenmu da ƙarin ruwa, ko ciwon kai mutum ya yi, in ba a rataya masa leda ba gani yake ba a duba shi ba. Na ɗauko wani mai kemis bayan azahar, ya kafa ƙusa a bango, ya rataya leda. Ta farko ta ƙare, ta biyu ba ta kai rabi ba mamanki ta yunƙura ta zauna, tana jan numfashi kamar wadda aka shaƙe, kumfa na fitowa a bakinta. A bayan a-kori-kurar maƙwabcinmu muka kai ta asibiti, a zaune, don ta kasa kwanciya.

Likitan ya sa abin sauraro a bayanta, ya tambaye ni me aka ba ta. Na jero masa komai, wanka da kunu da gado da ledar ruwa, ina faɗa kamar ɗalibin da ya yi aikin gida. Ya dube ni ya ce, "Malam, mutum yana nutsewa a kogi, kai kuma ka miƙa masa buta." Aka yi mata allurar da ke sa fitsari. Bayan kwana biyu zoben ya fita da kansa.

Kada ki yarda a sa miki ruwa a jijiya, kowane ne ya ce, sai likita ya saurari ƙirjinki da bayanki tukuna. Kasala iri-iri ce. Akwai ta wanda ruwan jikinsa ya ƙare, akwai ta wanda ruwa ya yi masa yawa, kuma daga bakin ƙofa kamarsu ɗaya.

Wasu matan da suka yi irin wannan ciwo zuciyarsu takan koma daidai bayan watanni. Ta mamanki ba ta koma ba. Ta buɗe, ta yi laushi, haka kuma take har yau. Abin da ya sa na ajiye alli ke nan na shiga makarantar aikin jinya a Maiduguri ina da shekara arba'in, ina zama a aji da sa'o'in yaran da na koyar. Bara na gama. Mamanki tana kirana likitan jiya, kullum ina gaya mata ni nas ne ba likita ba, kullum tana cewa to ai gara da na faɗa da bakina.

Tana da dalilinta. A shekarata ta biyu na zo hutu da abin awon jini da na ara. Na auna ta, na ga jininta yana ƙasa-ƙasa. Na duba ƙwayoyinta, na ga wata 'yar ƙaramar fara da likitarta ta ƙara mata ba da jimawa ba. Na buɗe littafina, na same ta a cikin jerin magungunan hawan jini. Ga shi kuma tana kukan jiri in ta miƙe da sauri, da wani busasshen tari. Sai na ce ai an yi kuskure, yaya za a ba mai ƙarancin bugun jini maganin hawan jini? Na ce ta daina sha. Ba ta yi musu ba, tunda mijinta ya je makaranta. Cikin sati uku matasan da take jingina da su suka tashi daga biyu zuwa huɗu.

Da na mayar da ita, likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ce in zauna, ta juya bayan kati ta zana mini abin da ba a kai ga koya mana ba a lokacin. Daga baya na karanta shi sau da yawa, na kuma amsa tambaya a kansa a jarrabawa. Zan faɗa miki shi yadda na fahimta, domin in kin gane dalili ba wanda zai juya ki.

Jiki yana da wasu sinadarai da ake kira homon. 'Yan aike ne, suna tafiya cikin jini daga wannan gaɓa zuwa waccan da saƙo. Idan zuciya ta yi rauni, jinin da ke isa ƙoda yakan ragu. Ita kuwa ƙoda ba ta iya bambance mai raunin zuciya da wanda aka sara jini na zuba, ko wanda ƙishirwa ta kama a daji. Abin da ta sani kawai jini ya ragu. Sai ta tayar da 'yan aikenta da umarni biyu: a matse jijiyoyi, a riƙe gishiri da ruwa kada su fita. Ga wanda jininsa ke zuba, wannan ceto ne. Ga mai raunin zuciya kuwa, ki ɗauki tirelar da ke fita daga kasuwar shanu injinta ya gaji, a ce a ƙara mata shanu, sannan a tsuke mata hanya.

Amma zuciya ma tana da nata ɗan aike. Idan ruwa ya yi yawa har bangon ɗakunanta na sama ya miƙe, sai ta saki wani homon mai aiki biyu kishiyar na farko: yana buɗe jijiyoyi, yana kuma gaya wa ƙoda ta saki gishiri da ruwa su fita ta fitsari. Ɗakunan ƙasa ma suna sakin wani ɗan'uwansa mai irin aikinsa. Ba a daɗe da gano su ba. Lokacin da aka haife ni babu likitan da ya san da su. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a jinin mai ciwo irin na mamanki wannan homon ba ƙaranci yake yi ba, yawa yake yi, ya ninka na mai lafiya. Zuciya tana ta aike, a buɗe, a sauke kaya. Sai dai in ciwon ya daɗe ƙoda takan daina jin kiran sosai, masu matsewa su rinjaya. Waccan farar ƙwaya da na hana ta, aikinta shi ne ta rage wa jiki yin homon mai matsewa. Wato bayan zuciya take bi. Maganin fitsari kuma shi ke sauke kayan. Likitar ta ce jirin da tarin gaskiya ne daga ƙwayar suke, amma abin da ya kamata shi ne in kawo ta a gyara adadi, ba in yanke hukunci a tsakar gida ba.

Daga nan na gane abin da muka yi a jegon Hajara. Mai ciki jininta da ruwan jikinta sukan ƙaru saboda abin da take ɗauke da shi. In ta haihu, jiki yakan shiga zubar da rarar, shi ya sa mai jego ke yawan fitsari da gumi a kwanakin farko. A daidai wannan lokaci muka riƙa ɗura mata kanwa. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin da ke riƙe ruwa a cikin gishiri shi ne ya cika ta. Za ki iya cewa ai ruwan zafi ma yana buɗe jijiya. Haka ne, yana buɗe na fata, amma sai zuciya ta ƙara gudu kafin ta cika su. Mun ƙara mata kaya, mun kuma ce ta yi sauri.

Ba zan ce miki duk wadda ta sha kunun kanwa za ta kwanta ba. Inna ta yi haihuwa tara, ta yi wankanta cif, ta tsufa da ƙafarta. Akwai kuma matan da ciwon ke kamawa ba su taɓa lasar kanwa ba. Ba zan iya rantsewa cewa kanwa kaɗai ce ta kayar da mamanki ba. Na tambayi malamanmu ko ana gadonsa daga uwa, suka ce ba a gama tantancewa ba. Saboda haka ban sani ba ko zuciyarki irin ta Inna ce ko irin ta mamanki, kuma ba na son a gane ta hanyar gwaji.

Wani abu kuma kafin in manta. Ke kika daɗe kina miƙa wa mamanki ƙwayoyinta, kin san su da kamanninsu. Ko da wasa kada ki sha irinsu don kin ga ƙafarki ta hau. Waccan farar musamman tana cutar da abin da ke cikin ciki. In kuma likita ya rubuta miki naki, kada ki daina don kin ji sauƙi, ko don wani mai farar riga ya ce. Mai farar rigar ko da ubanki ne.

Kuskurena na bayan nan ko shekara bai yi ba, shi ne kuma ya fi shafar abin da ke gabanki. Da na dawo da takardar shaida, matar ƙanena Adamu ta haihu a Mamudo, goggonta ce ke yi mata wanka. Na je barka da kayan aiki a jikina, na tarar da tukunya na tafasa. A gaban mata na ce musu kashe yarinyar nan za su yi, na kawo sunayen abubuwa da Turanci. Tsohuwar ta bar ni na gama, ta gyara zama ta ce, "Kai, ɗan nan, uwarka da ruwan firji aka wanke ta?" Mata suka fashe da dariya. Daga baya suka ce to Malam, mun ji, mun daina. Ba su daina ba, ƙofa kawai suka riƙa rufewa. Har ƙafar yarinyar ta ɗan hau aka ce kada a gaya mini. Allah Ya tsare, ta sace da kanta, amma da ba ta sace ba, ni ne mutum na ƙarshe da zai ji.

Ki gane wannan game da Ya Kaltume. A wurinta wanka ba magani ba ne kawai. Shi ne yadda za ta nuna wa dangi cewa ta riƙe 'yar mutane da amana. In kika ce ba ki so kai tsaye, abin da za ta ji shi ne kin ce tana nufin ki da sharri. Saboda haka ki karɓi wankan, ki yi godiya, amma ki roƙa a sirka ruwan har sai gwiwar hannunki ta iya zama a ciki ba ki janye ba. Kunu ki sha ki ƙoshi, na gero da tsamiya, ban da kanwa. Gado kuwa, zafin Gashuwa ya isa, ba sai an ƙara masa garwashi ba. Za a ce miki nono ba zai zo ba sai da kanwa. Nono yana zuwa ne da yawan tsotson jariri da abinci da ruwan sha. Kada ki yi gardama, kada ki ce an ce a littafi. Ki ɗora laifin a kaina. Ki ce babanki ne ya hana saboda ciwon mamanki, ke kuma ba ki iya tsallake maganarsa. In za a ji haushi a ji nawa, ina nesa.

Na yi magana da Malam Bukar, ya ce to. Yaron kirki ne, amma to ɗin da mutum ke faɗa a gaban surukinsa daban, wanda zai iya faɗa a gaban mahaifiyarsa daban. Shi ya sa na haɗo miki wata 'yar takarda a cikin wannan ambulan. Na rubuta tarihin ciwon mamanki da sunayen magungunanta. Ranar da kika fara zuwa awo a can, ki ba ma'aikaciyar, ki roƙe ta ta nuna wa likita. In da hali ki tafi tare da Ya Kaltume. Abin da babba ba zai karɓa daga bakin matar ɗansa ba, yakan karɓa daga bakin likita, ya dawo gida ma yana gaya wa maƙwabta.

Saura abu ɗaya, shi ya sa ma na zauna na sake rubutawa. Jiya da la'asar, ana haɗa miki tsarabar da za ki tafi da ita, na ga mamanki ta sa wani ƙulli a ƙasan babbar kwalla, a naɗe cikin tsohon ɗankwalinta. Da mata suka watse na duba. Jar kanwa ce, mai kyau, ta aiki maƙwabciya ta sayo mata. Na tambaye ta yaya ita da kanta za ta yi haka. Ta mayar da numfashi, sannan ta ce, "Na fi ka sanin abin da ta yi mini, ai a ƙirjina yake. Amma 'yar nan ba zan hura mata wuta ba, ba zan ɗaga mata ruwa ba. In ta shiga gidan mutane ko kanwa babu, sai a ce ba ta da uwa."

Hannuna yana kan ƙullin, na yi niyyar zare shi in yi shiru. Ban zare ba. Sau uku na yanke wa matar nan hukunci ban tambaye ta ba, ba zan yi na huɗu a ɓoye ba. Yana nan inda ta sa shi. In kin isa ki kwance shi a gaban Ya Kaltume, ki ce daga mamanki ne, a gani a sa albarka. In an ɗan taɓa a miyar kuɓewar gida ba laifi. Sauran a ba shanu, su aka san tana yi wa amfani. Amma kada a dama miki ita. Daga Potiskum ba ni da hanyar ganin abin da za a zuba a kwanonki. Ke za ki ɗaga kwanon, Ummi, ke kuma za ki iya ajiye shi.

Allah Ya raba ku lafiya ke da abin da kike ɗauke da shi. Ya ba ki haƙuri da lafazi mai daɗi a gidan mutane, Ya saka wa Ya Kaltume da alheri a kan wahalar da za ta yi, Ya ba mamanki numfashin da za ta goya jikanta ko daga ɗaki zuwa zaure ne. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya yi miki albarka.

Wassalam.

Babanki